Littafin aikina kan BPDT da zinare, daga hunturu zuwa bazara

Litinin, 13 ga Janairu

Alhamdulillahi sinadarin ya iso yau, bayan wata biyu da 'yan kwanaki ina bibiya kamar mai bin bashi. Giram ɗaya tak ne, cikin wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa da ba ta wuce babban yatsana ba, an sa ta a gwangwani an liƙe. Kuɗin da aka biya kam ba zan rubuta ba, kar Hajiyarmu ta gani ta ce ashe boko hauka ne. Sunansa bifenil-4,4'-daitayol, mu a lab BPDT kawai muke cewa. Na yanke shawarar in riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya da Hausa saboda na lura duk abin da na kasa yi wa ƙanina bayani da Hausa to nima ban gane shi ba, haddace shi na yi.

To ga abin. Zoben benzin ne guda biyu a haɗe kamar 'yar sanda miƙaƙƙiya, kowane baki akwai salfa ɗauke da haidurojin, wato SH. Salfar nan ita ce dai farar wuta da muka sani a wajen 'yan koli. Tsarinsa C12H10S2, nauyinsa 218.3, tsawonsa daga salfa zuwa salfa kimanin nanomita 1, wato ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Shi kuwa zinare ba ruwansa da kowa, ba ya tsatsa ba ya kula yawancin sinadarai, amma in ya ga salfa sai jikinsa ya yi sanyi. Ka tsoma zinare mai tsabta a ruwan da aka narka tayol, wato irin sinadarin da ke ɗauke da SH, salfar ta saki haidurojin ta damƙe zinaren, sauran su yi ta zuwa suna jeruwa da kansu kamar sahun sallah, kafaɗa da kafaɗa, layi ɗaya kacal ba na biyu. Wannan shimfiɗar mai jera kanta ita ake kira SAM.

Nawa hannu biyu ne da shi. Ina so ɗaya ya riƙe zinaren, ɗayan ya miƙe sama ba komai a ciki, ya jira dalma ta zo wucewa a ruwa ya cafke ta. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe saboda dutsen zinare da ake daka wa a cikin gidaje, ya san dalilin da ya sa na zaɓi dalma. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar ta wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha. In na samu abin da zai gano ƙasa da haka da 'yar na'ura mai sauƙi, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kwana uku ban taɓa kwalbar ba, wankin zinare nake. Ilektirod ɗinmu, wato ɗan guntun zinaren da ake gwajin a kansa, faɗinsa milimita 2 ne, kamar kan ashana, amma ya cinye min yini. Sai ka goge shi da garin alumina mai maikiron 0.3, sannan mai 0.05, kana zana lamba 8 a kan ƙyallen har wuyan hannunka ya gaji, ka wanke a bahon girgiza, sannan ka kai shi fotenshiyostat, na'urar da ke ba shi wuta tana zana amsarsa, cikin ruwan asid na salfurik 0.5 M ka yi ta kai da komo da wuta har zanen ya daina canzawa. In ya yi tsabta za ka ga wani rami siriri mai kaifi wajen 0.9 V, wurin da tsatsar da ka tilasta wa zinaren ke saki. Daga girman ramin ma ake sanin ainihin faɗin fuskar, ana raba cajin da kusan maikirokulom 390 a kowace santimita sukwaya. Nawa ya ba ni kusan 18, wato 0.046, alhali da lissafin da'ira 0.031 ya kamata. Kenan abin da nake gani sumul kamar madubi a ido, a can ƙasa tudu da kwari ne.

Babbar matsala ƙurar hunturu. Ka wanke abu ka juya ka ɗauko bika, kafin ka dawo hazo ya yi masa sallama. Baba mai kula da lab ya tausaya min ya liƙe tagogi da salatif, yana cewa "yaro, a nan in kana son tsabta sai ka zo kafin masu shara." Na tambayi Malam ko in haɗa ruwan firana, asid na salfurik kashi 3 da haidurojin feroksaid kashi 1, da kowa ke rubutawa a takardu. Kallon da ya min kawai ya isa. Ya ce akwatin zuƙe hayaƙinmu sai da wuta yake aiki, wutar kuma ba alkawari gare ta ba, in ta ɗauke ina tsaka da haɗawa wa zai je ya yi wa iyayena bayani. Gaskiyarsa.

Talata, 21 ga Janairu

Na haɗa na farko. Miligiram 4.4 a mililita 20, shi ne 1 mM. Sikelinmu na rawa a lamba ta ƙarshe in fanka na juyawa, sai da na kashe ta. A etanol zalla bai so narkewa ba, yana ta yawo kamar garin kwaki a ruwa, sai na ƙara wani ruwan narki mai suna THF kaɗan ya narke tas. Na tsoma ilektirod na rufe da Parafilm na tafi gida ina jin kaina wani babban masani.

Laraba, 22 ga Janairu

Da safe na tarar ruwan ya yi dishi-dishi kamar an ɗiga madara a ciki. Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauraye na gwada da ferisayanaid, sinadarin da ke nuna ko ilektiron na iya kaiwa ga zinaren, wanda a kan zinare tsirara yake ba da tudu biyu masu kyau, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Yau shafe, layi ne kawai a kwance. Murna ta kama ni, na ce shimfiɗa ta rufe ko'ina, har na ɗauki hoto na tura wa Malam a WhatsApp.

Amsarsa: "Ganin Dala ba shiga birni ba. Zo ofis."

Ya ce in yi tunani, molekul mai tsawon nanomita ɗaya, wanda zoben benzin ne daga sama har ƙasa, irin wanda mutane ke nazari musamman saboda yana barin ilektiron ya wuce, ta yaya zai toshe hanya gaba ɗaya haka kamar an yi filasta da siminti? Dishi-dishin nan shi ne amsar. Iskar oksijin da ke cikin ruwan ta sa salfar wannan ta kama salfar wancan, S–S, kuma tunda kowanne hannu biyu ne da shi sai abin ya zama sarƙa, wannan ya riƙe wancan wancan ya riƙe na gaba har ta yi tsawon da ba ta narkewa. Abin da ke kan zinarena ba sahu ɗaya ba ne, tsibi ne, hawa kan hawa. Tayol mai hannu ɗaya in oksijin ya same shi biyu ne kawai za su haɗu su tsaya nan, kuma ko a hakan suna iya yin shimfiɗa lafiya lau. Mai hannu biyu ne ba shi da birki.

Akwai kuma matsala ta biyu da ya zana min a allo: molekul ɗin na iya ƙin tsayawa ya kwanta rub da ciki, hannu biyun duka a kan zinare. Nan ma an yi asara, ba hannun da zai kama dalma. Kenan duk aikina na shekarar nan a kan abu ɗaya yake, in sa abin nan ya tsaya da ƙafa ɗaya, kar ya kwanta kar kuma ya goya ɗan'uwansa.

Laraba, 29 ga Janairu

Abin kunya yau. Don kar in yi ta ɓarnar mai tsadar, na ɗauko wata tsohuwar kwalbar hekzentayol, wani tayol mai hannu ɗaya, da ke cikin kabad in yi atisaye da ita. BPDT gari ne, warinsa na nan amma ba ya tashi sosai. Wannan kuwa ruwa ne, ɗigo biyu suka zuba a kan benci daidai lokacin da aka ɗauke wuta. Cikin minti biyar 'yan ajin da ke ƙarshen baranda sun fito da gudu ana cewa gas na yoyo, wani har ya fara kiran a kashe waya. Kuma ba su yi kuskure ba sosai, don gas ɗin girki shi kansa ba shi da wari, ɗan'uwan wannan ne, etentayol, ake zuba masa da gangan saboda hancin mutum na jin sa ko da ya kai kashi ɗaya cikin biliyan a iska. Baba ne ya cece ni da Hypo, bilic na ƙona salfar ta koma abin da ba ya wari. Yanzu akwai bokiti na musamman, duk safar hannu da sirinji da bakin fifet sai sun kwana a ciki. Rigar lab ɗina dai har yanzu mai adaidaita na kallona.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na samo iskar agon, wadda ake korar oksijin da ita, a wajen masu walda, irin waɗanda ke haɗa aluminiyam da silba. Mai shagon ya tambaye ni ƙofa zan haɗa ko tanki, na ce masa wani abu ne da ido ba ya gani, ya ce Allah ya ba da sa'a da irin muryar da ake yi wa mara lafiya. Yanzu tsarin ya canza: in busa agon cikin ruwan minti 30 kafin in zuba garin, kwalba mai murfin roba, balan-balan cike da agon a kan allura, in naɗe komai da takardar foyil saboda haske, sannan na rage ƙarfin zuwa 0.5 mM. Ruwan ya kwana garau. Ferisayanaid ya ragu sosai amma bai mutu ba, tudun biyu sun yi nesa da juna sun kwanta. Wannan ya fi kama da gaskiya.

Dare biyu ina karatun tarihin abin. Ralph Nuzzo da David Allara ne a Bell Labs a Amurka suka fara nuna salfa na jeruwa a kan zinare a 1983, da daisalfaid, wato mai S–S, ma suka yi, sannan George Whitesides da ɗalibansa a Harvard suka baje kolin tayol a ƙarshen shekarun 1980. Abin da ya ɗan sanyaya min rai shi ne ganin James Tour da mutanensa tun 1995 sun yi kuka da wannan hawa-hawan na daitayol, har suka kawo dabarar toshe bakin salfar da asetil, sai an zo kan zinare a buɗe shi da ruwan amoniya. Wasu a jami'ar Groningen ta Holand a 2011 suka nuna ma irin sinadarin da ka buɗe bakin da shi na canza kyan shimfiɗar, su tirayetilamin ya fi yi musu. Wato ba ni kaɗai ba ne baƙauye.

Ƙanin molekul ɗina, mai zobe ɗaya, benzin-1,4-daitayol, shi ne ma ya yi suna. A 1997 Mark Reed na jami'ar Yale tare da Tour suka ja wayar zinare har ta tsinke, molekul ya maƙale a tsakanin bakin biyu kamar gada, suka auna wutar da ke bi ta cikinsa, suka samu turjiya kimanin megaom 22. Bayan 'yan shekaru Nongjian Tao a Arizona ya maimaita irin gwajin sau dubbai da allurar STM, na'urar da ke laluben atom ɗai-ɗai, ya samu kusan megaom 1.2. Molekul ɗaya, manyan mutane, bambanci kusan ninki ashirin, kuma babban dalilin shi ne yadda salfar ta zauna a kan zinaren. Ni da nake lab mai taga da salatif sai in yi wa kaina uzuri.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Sati guda ina ƙidayar salfa. Dabarar ita ce ka sa ilektirod a ruwan alkali na KOH 0.1 M da aka kore wa oksijin, ka ja wuta ƙasa har wajen -1.2 V, sai salfar ta saki zinaren, kowace ɗaya ta ci ilektiron ɗaya. Ka auna cajin ka san adadinsu. Cikakken sahu na tayol mai doguwar jela a kan zinare mai sumul yana da molekul kimanin 4.6 × 10^14 a santimita sukwaya, caji kusan maikirokulom 74. Nawa na agon sau huɗu ya faɗo tsakanin 60 da 80, na iska kuwa ya haura 150 kuma zanen ba shi da kan gado, tunda S–S ɗin sarƙar ma na cin nasu ilektiron.

Na kusa sake yin murnar banza, sai na kama kaina. Wannan gwajin salfar da ke riƙe da zinare yake ƙirgawa, ba molekul ba. Goma a tsaye kowanne da ƙafa ɗaya, ko biyar a kwance kowanne da biyu, lissafin ɗaya zai ba ka. Ya nuna min na rabu da tsibi, bai ce min sun tsaya ba. Da na faɗa wa Malam haka da kaina kafin ya faɗa min, sai ya ce "to, ka fara zama ɗalibi." Daga bakinsa wannan lambar yabo ce wlh.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Ranar da na fi jin daɗi tun da na fara. Na dafa ƙwayoyin zinare da hanyar Turkevich ta 1951: ruwan gishirin zinare 1 mM mililita 100 ya tafasa, ka antaya sitiret 38.8 mM mililita 10 lokaci ɗaya kana juyawa. Daga rawaya-rawaya ya koma fari kamar ruwa, ya yi baƙi-baƙi na ɗan lokaci har gabana ya faɗi, sai ga shi ya juye ja wur kamar zoɓo. Wata ƙanwarmu 'yar aji huɗu da ke aikinta a gefe ta ce "Yaya, saura kankana da ƙanƙara." Na'urar haske ta nuna tudu a 520 nm, daidai yadda ake so ga ƙwayoyi masu kusan nanomita 13.

Na ɗebi kaɗan a kwalabe biyu. Ɗaya na ɗiga ruwan BPDT, ɗaya na ɗiga ruwan narkin kawai ba sinadari, don shi ma etanol in ya yi yawa yana iya dunƙule su. Na farkon cikin minti kaɗan ya tashi daga ja ya koma shuɗi-shuɗi mai ruwan malmo, na biyun yana nan zoɓonsa. Hannu biyun na aiki kenan, suna ɗinke ƙwaya da ƙwaya. Ka ga aikin abu mai nanomita ɗaya da idonka tsirara, ba na'ura, har yanzu abin na ba ni mamaki.

Sannan na tsoma ilektirod mai shimfiɗa a cikin zoɓon awa uku. Ferisayanaid da ya kwanta sai ga shi ya farfaɗo, tudu biyun sun dawo kusa da na zinare tsirara. An san wannan, in ƙwayar ƙarfe ta zauna a kan shimfiɗa takan buɗe wa ilektiron hanya. Alama ce mai kyau cewa akwai hannu a sama da ya kama su. Amma dole in yi kwantirol da bifenil-4-tayol, ɗan'uwansa da ba shi da salfa ta biyu, in shi ma ƙwayoyin suka manne masa to labarina ya rushe. Ba mu da shi, an yi oda.

Talata, 11 ga Maris

Azumi ya yi nisa, zafi ya fara da gaske, aiki sai da sassafe. Kuma na yi ɓarna. Kwana huɗu ba wuta a ɓangarenmu, janareta ba mai, firjin ya koma kabad. Amma in zan faɗi tsakani da Allah ba laifin wuta ba ne kaɗai. Tun Janairu nake ciro kwalbar daga sanyi in buɗe nan take, raɓa na sauka a ciki, in ɗiba in mayar ba tare da na busa mata agon ba. Sau nawa? Na ƙirga a littafi, 14. Yau garin ya ƙara rawaya kuma ko a THF akwai ɓurɓushin da ya ƙi narkewa.

Na gwada da sinadarin Ellman, wanda tun 1959 ake amfani da shi, yana ba da rawaya a 412 nm in akwai SH da ba a taɓa ba. Sai da na cakuɗa ruwan da etanol don nawa ba ya shiri da ruwa zalla, saboda haka lambar ba ta kai a rantse a kanta ba, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Na zauna a kan kujera na kasa ko tashi, ga ƙishirwa ga haushi.

Baba ne ya kawo shawarar da ta fi ta kowa, ya ce mai shago ba ya buɗe buhu kullum, ƙullawa yake a leda. Mun tace wanda ya narke, mun busar a ƙarƙashin agon, mun raba a ƙananan kwalabe 12, kowacce ta gwaji ɗaya, an liƙe an zuba a desikata, mazubin da ke hana danshi. Malam ya ce in an samu TCEP ko tiributilfosfin za mu riƙa ɗiga kaɗan a ruwan haɗi, suna tsinke S–S su mayar da shi SH.

Litinin, 24 ga Maris

Ina buƙatar zinare mai faɗi don gwajin ɗigon ruwa, wanda ke nuna abin da ke saman shimfiɗa ta yadda ɗigon ya zauna a kanta, gilashin da aka shafa wa zinare kuwa tsadarsa sai addu'a. Na ci karo da dabarar wasu 'yan São Paulo a Burazil, Lúcio Angnes da abokan aikinsa, a shekarar 2000: faifan CD irin na kwafa, mai ruwan gwal, zinaren gaske ne siriri a ciki, ka ɗiga asid na naitirik ya cinye fentin sama zinaren ya bayyana. Na zagaye masu sayar da kayan kwamfuta, yawanci dariya suka min wai wa ke CD yanzu, kuma wanda ake samu azurfa ce a ciki. A ƙarshe wani dattijo mai ɗaukar hoton biki ya lalubo min guda uku a tsohon akwati ya ƙi karɓar ko sisi.

Dabarar ta yi, na yanka gunduwa-gunduwa, zinare fes. Sai na tsoma ɗaya a ruwan haɗina na koma duba wani abu. Na dawo na tarar ya yi laushi ya yi fari ya lanƙwashe, zinaren ya tattare kamar fatar tsohuwa. Faifan CD robar folikabonet ce, THF kuwa narkar da ita yake. Abin da na sani tun aji biyu. Sauran sai etanol zalla, in ɗan ɗumama shi in rage ƙarfin zuwa 0.2 mM don ya narke.

Ɗigon ruwan da waya na ɗauka, na jingina ta da littattafai, na auna kusurwar a ImageJ. Zinaren da aka wanke yanzu ruwa na bajewa a kansa, mai BPDT ya ba ni wajen digiri 65 zuwa 70, na tsohon hekzentayol ya haura 95. Sai dai faifan na da 'yan layuka sirara da ake rubutu a kansu, tazarar maikiron 1.6, ɗigon ya fi miƙewa ta tsawonsu, don haka dole kullum in ɗauka ta fuska ɗaya.

Laraba, 9 ga Afrilu

An sha sallah lafiya. Bifenil-4-tayol ya iso. Shimfiɗarsa ta yi awa uku-uku a zoɓo, sau uku, ferisayanaid bai farfaɗo ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na BPDT a rana ɗaya da ruwa ɗaya ya farfaɗo. Na yi sujudar godiya a bayan benci.

Malam ya sayi gilashin zinare guda shida daga aljihunsa. Na haɗa uku, ɗaya a iska kamar na ranar farko, biyu a agon, na zuba su a kwalabe cike da agon na liƙe, an aika wa wani tsohon ɗalibinsa da ke karatu a waje inda suke da na'urar XPS.

Talata, 6 ga Mayu

Sakamako ya zo jiya da dare, ban yi barci ba. XPS na bambance salfa da irin abin da ta riƙe. Wadda ta kama zinare tana fitowa a 162 eV, wadda ba ta kama ba wajen 163.5 zuwa 164, wadda oksijin ya ƙone ta gaba ɗaya can wajen 168. Kowacce kuma tagwaye take zuwa, tazarar 1.18 eV, ɗaya ninki biyu na ɗayar, sai an warware su da kwamfuta. In duk sun kwanta, 162 kaɗai za ka gani. In sun tsaya sahu ɗaya, biyun za su yi kusan kai ɗaya, ta saman ta ɗan fi saboda ta ƙasan a binne take, siginarta na raguwa kafin ta fito.

Na iska: ta 164 ta ninka ta 162 fiye da sau uku. Tsibi, kamar yadda Malam ya ce tun Janairu ba tare da wata na'ura ba. Na agon: ɗaya 1.3, ɗaya 1.5. Sun tsaya. Akasarinsu dai, don 1.5 ɗin na nuna akwai 'yan goyo nan da can. Dukkansu uku kuma akwai ɗan tudu a 168, wanda nake zargin na hanya ne, kwana 16 suka yi kafin su isa kuma Allah kaɗai ya san zafin da suka sha a ɗakunan ajiya.

Abin da ya hana ni barcin shi ne XPS ba ya iya raba SH da S–S, kusan wuri ɗaya suke faɗowa. Zai yiwu molekul sun tsaya tsaf amma maƙwabta biyu sun karkato sun riƙe hannun juna a sama. Gwajin zoɓo ba zai tona wannan ba, tunda zinare na iya tsinke S–S ya kama abinsa, dalma kuwa ba lallai ta iya ba. Na'urar Raman ce za ta raba gardama, SH na da alamarta wajen 2560, S–S kuma can ƙasa wajen 500 da 'yan kai, amma layi ɗaya siginarsa ba ta da ƙarfi sai an yi wa zinaren kaushi ko an yi a kan ƙwayoyi. Malam zai tambaya ko akwai inda za su ba mu awa biyu a kan tasu.

Litinin, 12 ga Mayu

Na haɗa ruwan dalma na gwaji yau, daga led naitiret, na sauko da shi mataki-mataki har maikirogiram 100, 50, 10 a lita. Duk kwalaben roba ne da suka kwana a asid, don gilashi na shanye dalmar a irin wannan ƙanƙantar. Bokitin shara daban na ware na rubuta masa suna da jar maka, ba za mu yi aikin gano dalma muna zuba ta a kwata ba.

Tsarin gobe: ilektirod ya zauna a ruwan dalma minti 10 ba wuta, in ɗauraye, in kai shi ruwa mai tsabta in sauke dalmar da wuta sannan in kwashe ta in ga tudun. Uku zan jera, mai BPDT, mai bifenil-4-tayol, da zinare tsirara, saboda dalma na son zama a kan zinare da kanta, in akwai 'yan ramuka a shimfiɗar za ta bi ta nan ta ba ni sigina in ɗauka hannun sama ne ya kama. Sannan kowanne kashi biyu, wanda aka wanke da TCEP daf da gwaji da wanda ba a wanke ba, in bambancin ya yi yawa to zargina na S–S ya tabbata ko ba Raman.

Kwalabe 5 suka rage cikin 12. Agon ma allurar ta kusa ƙasa, sai na biya ta wajen mai walda da yamma in ya buɗe.